Wa Ya Riga Dannawa

Duk wanda aka kawo shagona koyon aiki, gwajin farko da nake yi masa ɗaya ne. Ina cewa ya rubuta mini kod ɗin da zai sa kwamfuta ta faɗa idan an danna maɓalli a kibod. Iyakar aikin ke nan. Samarin yanzu sai su dube ni kamar na aike su sayen ashana. Wani ko zama ba ya yi, a tsaye zai tambayi wayarsa, ta zubo masa 'yan layuka, ya kwafe, ya danna, allo ya rubuta "an danna", ya juyo yana murmushi. Sai in ce ya matsa. In ɗora yatsa a kan maɓallin, in ƙi ɗagawa. Nan take allo zai cika da "an danna" daga sama har ƙasa, yana ta gudu. In tambaye shi, "Sau nawa na danna?" Ya ce sau ɗaya. In ce, "To, ita ka gaya wa, ba ni ba."

Saboda haka ku da kuke dariya a baya, ku jawo kujera ku ji.

Ni ba da kod na fara ba, da tsohon buroshin goge haƙori na fara. Maigidana Oga Chidi mutumin kudu maso gabas ne, yana da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta nan Tudun Wada, Hausa kuwa a bakinsa sai ka rantse a Tudun Jukun aka haife shi. Kayan aikin da ya miƙa mini ranar farko su ne buroshin nan, da ƙaramin sukudireba, da auduga, da kwalbar sifirit, da wata roba da ake matsawa ta hura iska. Ya turo mini kibod ya ce in ɓalle maɓallan in wanke. Abin da na tarar a ƙarƙashi ya ishi kaza kalaci: ɓawon gyaɗa, garin kwaki, ɓurɓushin biredi, da gidan kiyashi har da ƙwayayensu. Da na gama sai na mayar da maɓallan yadda na ga sun fi kyau, a jere, daga A zuwa Z. Oga ya dubi kibod ɗin ya ce, "Bala, tsakanin kai da Bature ban san wa ya fi wayo ba. Amma mayar masa da abinsa yadda ya hargitsa shi."

Aikin farko da ya bar ni na rubuta wa kod na wani ƙaramin asibiti ne a hanyar Dutsen Abba. Majinyata na yawan faɗa a kan layi, sai likitan ya ce a kafa masa allo a ɗakin jira. Kowa a ba shi lamba, nas ta danna dogon maɓallin nan na ƙasa, lamba ta gaba ta fito, mai ita ya shiga. Na rubuta, muka gwada, lafiya lau. Nas ɗin, Hajiya Lami, doguwar mace mai muryar da ke sa jariri ya haɗiye kukansa, ita ma ta gwada ta ce ya yi. Da hantsi aka kawo mata fulas ɗin kunu, ta rasa inda za ta ajiye, ta dangwarar da shi a gefen kibod, gindinsa ya hau maɓallin. Lambobi suka zuba da gudu. Kowa ya ga tasa ta gilma, ɗakin jira gaba ɗaya ya miƙe ya nufi ƙofar likita. Wani tsoho da aka shigo da shi a rirriƙe saboda ciwon gwiwa, shi ya riga kowa shiga. Likita ya leƙo ta taga yana ƙwala wa mai gadi kira.

A kan acaɓa muna komawa Oga ya yi mini karatun da har yau shi nake sayarwa. Ya ce, "Kai kana ganin dannawa abu ɗaya ne. Ita kwamfuta biyu take gani, ya sauka, ya tashi. In ya sauka ya daɗe bai tashi ba, sai ta ɗauka kana son ƙari, ta yi ta maimaitawa. To, ka ce mata ta ƙirga saukar farko kawai, kada ta sake ƙirgawa sai ta ga ya tashi." Na ce ai laifin fulas ne. Ya ce, "Fulas ma kwastoma ne. Ka rubuta kod ɗinka har da shi."

Mummunar shekara ta zo mana ne ta ƙofa biyu. Waya ta shiga hannun kowa, masu zuwa a buga musu takarda suka ɗauke ƙafa, har ɗaliban da ke cika mana shago lokacin rajista suka koma yi a ɗakunansu. Sannan iskar farkon damina ta ɗauke rufin shagon ta kai shi gidan maƙwabta, ruwa ya yi wa kayanmu wanka. Oga, da ma tsufa ya fara kama shi, ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini shago da sunansa da buhu guda na jiƙaƙƙun kibod. Na ɗaura igiya a ƙofar shago na shanya su ta wutsiya. Masu wucewa suna tsayawa su tambaya ko sabon kifi ne. Watanni na yi ba abin da nake yi sai sa wa mutane waƙa a waya, sai cire wa tsofaffi lambar sirrin da jikoki suka sa musu.

A cikin wannan zaman ne aikin benci ya same ni.

Kun san gindin mangwaron nan na bayan mai shayi. A lokacin benci biyu ne a wurin. Ɗaya mai jingina ne, yana cikin inuwa tun safe har la'asar. Ɗayan ba jingina, ƙafarsa ɗaya da dutse aka tokare, rana kuma tana cim masa tun hantsi. Dattawan da ke zama a wurin kashi biyu ne. Akwai tsofaffin malaman makaranta, shugabansu Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, gajere, mai rawar hannu, wanda ni ma ya koyar da ni a firamare. Akwai kuma tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, shugabansu Alhaji Tanko, tsohon direba, wanda har yau yake magana kamar injin na aiki a bayansa. Kullum sai an yi cacar baki a kan wa zai zauna a bencin inuwa. Malamai su ce su suka koyar da garin. 'Yan jirgi su ce su suka kawo wa garin allo da alli. Daga ƙarshe suka yarda a yi gasar tambayoyi, waɗanda suka ci benci nasu ne har abada.

Sun fara yi da ɗaga hannu, aka tashi baram-baram, don Alhaji Tanko ya ɗaga nasa tun kafin a fara ya ƙi saukewa, wai kafaɗarsa ce ta riƙe. Alƙaliyar gasar kuwa Hajiya Lami ce, ta yi ritaya, an zaɓe ta ne saboda babu dattijon da ba ta taɓa yi wa allura ba, kowa yana shakkarta. Ita ta zo shagona. Ta tsaya a ƙofa ta ƙare mini kallo.

"Kai ne mai lambobin nan da suka yi gudu?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. An gyara ai."

"To, ina son na'urar da za ta faɗi wanda ya riga dannawa. In ta yi ƙarya, kai zan kama."

Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Kun ji bakina irin naku.

Gwajin farko a shagona aka yi. Kibod ɗaya a tsakiya, maɓallin hagu na malamai, na dama na 'yan jirgi. Hajiya ba ta rufe baki daga tambaya ba allo ya nuna 'yan jirgi. Ta sake, 'yan jirgi. Na leƙa, ashe Alhaji Tanko ya ɗora babban yatsa tun da ya zauna, yana kallon rufi kamar ba shi ba. Na ce, "Alhaji, sai an gama tambaya." Ya ce, "Yaro, direban kirki ba ya ɗauke hannu daga birki." Sai na ba Hajiya nata maɓallin. In ta gama karanta tambaya ta danna, sannan ƙofa ta buɗe. Wanda kuma yatsansa ke ƙasa tun kafin ta buɗe, kwamfuta ba ta san da shi ba sai ya ɗaga ya sake saukewa. Alhaji ya ce an yi wannan dokar don shi ne. Hajiya ta ce ƙwarai kuwa.

Gwaji na biyu ya fi zafi. Yadda na rubuta kod ɗin, zagaye yake yi kamar mai gadi. Ya leƙa maɓallin malamai, ya leƙa na 'yan jirgi, ya ɗan huta, ya sake zagayowa. In aka danna aka ɗaga lokacin da yake hutawa, bai gani ba. In kuma duka biyu suka sauka kafin ya zagayo, na malamai yake fara leƙawa, sai ya ba su. Ni ban lura ba, Alhaji Tanko ne ya lura. Ya miƙe ya nuna ni da sanda.

"Jama'a, ku tambaye shi wa ya koya masa karatu! Ɗalibin Isiyaku ne! Har injin ya koya wa son kai!"

Malam Isiyaku ya gyara hula ya ce, "Tarbiyya ke nan."

Na rantse ban yi da gangan ba, amma gaskiyar Alhaji ce. Na rushe kod ɗin na sake gini. Maimakon ya riƙa zagayawa yana leƙe, sai na sa ya zauna wuri ɗaya, kowane maɓalli in ya sauka shi zai aiko da labari, labarai su yi layi yadda suka iso, na gaba shi ne na gaba. Ku riƙe wannan. In kuna son kada dannawa ta kuɓuce muku, kada ku je nemanta, ku bari ta zo ta same ku.

Ban gama shan iska ba rawar hannun Malam Isiyaku ta jawo wata. Garin neman maɓallinsa ya taɓa na kusa, wanda ke mayar da haruffa manya. Kod ɗina kuwa ƙaramin harafi yake jira, da babba ya zo sai ya ce bai san shi ba. Malam ya yi ta dannawa shiru, ya ce yanzu kuma an saye ni. Na koma na sa kod ya daina duba wane harafi ya fito, ya duba wane gurbi aka taɓa. Sannan muka gano in Hajiya ba ta ɗaga yatsa da wuri ba, ɓangarorin biyu kuma suka danna, ɗaya yana ɓacewa. Wannan ba laifin kod ba ne. Kibod mai araha in aka danne wasu maɓallai uku lokaci guda, biyu yake kai rahoto, ya haɗiye na ukun.

Nan buhun Oga ya yi rana. Na zaɓo uku da suka bushe suka rayu, na ɓalle duk maɓallansu na bar ɗaya-ɗaya, kowanne da gurbinsa daban. Na manna murfin jarka a kai don tsoho ya gani ba sai da tabarau ba, ja na 'yan jirgi, shuɗi na malamai, fari na Hajiya. Aikin yini ɗaya ya cinye mini makonni, kuma kullum da dattawa a shagona suna shan shayi suna ba ni shawara.

Ranar gasar Asabar ce. Aka jera tebur biyu a gindin mangwaro, na jawo waya daga janareton mai aski, na ɗora allo a kan kujera. 'Yan acaɓa da masu keke suka ajiye sana'a suka kewaye mu, mai shayi ya ƙaro biredi. Bencin inuwa aka ajiye shi a tsakiya ba kowa a kai, kamar amarya.

Tambaya ta fara tafiya daidai, sai wani ɗan akwatin saƙo ya faɗo tsakiyar allo, wai maganin ƙwayar cutar kwamfuta ya ƙare, a sabunta. Duk dannawar da ake yi sai ta koma wurinsa, kod ɗina yana baya bai ji komai ba. Alhaji Tanko ya yi ta dukan jan murfi da tafin hannu yana cewa an yanke masa waya. Hajiya ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi kafin ta ce a juya baya. Na rufe akwatin, na kashe duk abin da zai iya sake leƙowa, aka ci gaba. Tun daga ranar, kod ɗin da zai saurari maɓalli a gaban jama'a ba na barin sa ya dogara da abin da ke saman allo.

Gasa ta yi gasa. Aka tambayi manyan biranen ƙasashe, malamai suka kwashe. Aka tambayi garuruwan da ke kan hanya daga Zariya zuwa kudu, Alhaji Tanko ya jero su har da inda ake sayar da doya mai kyau. Aka zo lissafi, wani tsohon mai sayar da tikiti ya ba malaman lissafi mamaki. Rana ta take, azahar ta kusa, tambayoyin Hajiya suka ƙare, maki kuma kunnen doki.

Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Saura ɗaya. Zan yi mai sauƙi wadda kowa ya sani, don haka saurin hannu ne zai raba ku. Wanda aka nuna, shi zai amsa da bakinsa."

Alhaji Tanko ya naɗe hannun riga, ya tsayar da tafinsa a saman jan murfi yana shawagi. A teburin malamai kuwa, zafi da kunun da aka sha sun yi aikinsu. Malam Isiyaku, da yake tsakiya daidai shuɗin murfi, idonsa ya rufe, kansa yana sauka a hankali yana komawa. Abokansa duk Hajiya suke kallo, ba wanda ya lura.

Ta ce, "Da Larabci, yaya ake cewa eh?"

Ta danna farin murfi. A daidai nan kan Malam Isiyaku ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya sauka a kan shuɗin murfi, ƙwas. Tafin Alhaji ya biyo baya da ƙarar da ta tashi tsuntsayen mangwaro. Allo ya rubuta: malamai.

Hajiya ta ɗaga murya. "Malam Isiyaku!"

Ya zabura, hula a karkace, shatin murfi a goshi, bai san a wace duniya yake ba. Ya ce, "Na'am?"

Ta ce, "Daidai."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. 'Yan acaɓa suka yi ta danna hon, mai shayi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, malamai suka ɗaga hedimastansu sama yana tambayar me ya faru. Alhaji Tanko ya hau kan tebur da tsufansa.

"Barci yake yi! Wallahi barci yake yi! Ko tambayar bai ji ba! A kira mai injin!"

Aka turo ni tsakiya. Hajiya ta ce, "Bala, faɗi tsakaninka da Allah. Wanne ya riga sauka?"

Na duba abin da kod ya ajiye na ce, "Shuɗi ne, Hajiya. Bayan kin buɗe ya sauka, kuma kafin ja."

Alhaji ya ce, "Da me aka danna? Faɗa musu da me aka danna!"

Na ce, "Alhaji, wannan ba ta sani ba. Ita dai ta ga ya sauka."

Hajiya ta ce a dokar da suka amince da ita ba inda aka ce sai da yatsa, amsa kuma ta fito daga bakin wanda aka nuna, kowa ya ji. Ta naɗe takardunta ta ce a tafi masallaci.

Labarin ya zaga Tudun Wada kafin la'asar, kuma shi ya tashe ni daga mummunar shekara. Makarantu suka fara aiko mini in haɗa musu irin na'urar don gasar ɗalibai, har na sake rufin shago. Alhaji Tanko ma ya zo, shi kaɗai, ya zauna ya rage murya karo na farko a rayuwarsa, ya tambaya ko akwai kod ɗin da zai bambance yatsa da goshi, don yana son a sake gasar. Na ce a kibod dai babu. Ya ce to me muke koyo duk shekarun nan, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba a sake gasar ba. 'Yan jirgi suka haɗa kai suka sa kafinta ya gyara wa bencinsu ƙafa, suka sayo tsohuwar lema suka kafa. Amma Alhaji Tanko ya yi rantsuwa ba zai ƙara kiran sunan Malam Isiyaku ba, don kada ya sake jin kalmar nan daga bakinsa. In yana son magana da shi sai ya ɗaga murya daga ƙarƙashin lema ya ce, "Kai, mai goshi!"

Malam Isiyaku kuwa sai ya gyara jingina a cikin inuwa, ya miƙe ƙafa, ya bari sai kowa ya yi shiru, sannan ya ce, "Na'am, Alhaji?"